Wanda Ya Ƙi Ƙoƙo a Garin Inabi

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya halicci ƙasa ya halicci ruwa, ya sa gaba a tsakaninsu domin magini ya sami abin kaiwa baki. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ni ne Dogara ɗan Cindo, magini jikan magini, mutumin Gaɓar Tsamiya. Kun dame ni da tambayar guntun yaɓen nan da ke rataye a zaurena, wasunku har suna cewa laya ce. To ku gyara zama. Sau ɗaya zan faɗa, wanda ya yi gyangyaɗi ya tambayi maƙwabcinsa.

Garinmu a bakin gulbi yake, gulbin kuwa ba shi da ta ido. Duk damina sai ya ci gida goma ko ashirin, magina su sake ɗorawa, baɗi ya dawo ya karɓe. Wannan abu ya hana ubana Cindo sukuni, shi ne mai yatsa shida a hannun dama. Wata rana fatake suka ba shi labarin wani gari mai suna Darmuz, can bayan ƙasashe bakwai, inda ake gini da kwaɓin da ruwa ba ya ci. Ya rataya gizagonsa a kafaɗa, ya ce wa innata Tabawa ta ajiye masa ruwa, ba zai wuce damina biyu ba. Ina da shekara tara a lokacin.

Inna ta ɗauki maganar yadda aka faɗe ta. Kullum da safe sai ta wanke ƙoƙonsa, ta cika shi da ruwa, ta rufe da faifai, ta ajiye a bakin ƙofar ɗakinsa. Da yamma ta zuba wa kaji, gobe ta sake. Shekara goma sha tara tana yi. Liman ya zo, dangi sun zo, aka ce ta haƙura a yi masa salla ta shiga takaba, ta ce ita ba ta yi wa mai rai takaba. Ranar da na ga hannunta ya fara rawa, har rabin ruwan yana zubewa kafin ta kai ƙofa, na je na durƙusa a gabanta.

Na ce, "Inna, zan bi sawunsa."

Ba ta taɓa kiran sunana ba, don ni ne ɗan fari. Ta ce, "Kai wannan, ba na son labarin an ce ka ce. In yana raye, ka zo da shi. In ya riga mu, ka zo mini da abin da zan taɓa da hannuna. Idona ya tafi, kunnena kuwa ya gaji da ƙaryar fatake."

Abin da ya fitar da ni gida ke nan.

Bin sawun Baba bai yi wuyar da kuke zato ba, domin yana da al'ada: duk ginin da ya gama sai ya danna tafinsa a ɗanyen yaɓe. Na fara samun yatsa shida a ƙasar Masu Gishiri, inda ake yanka gishiri a yi tubali, kuma laifin da ya fi kisan kai a wurinsu shi ne zubar da ruwa a gindin bango. Ni kuwa don murna sai na tsuguna a nan na yi alwala. Suka kama ni za su binne ni da rai. Na roƙa a bar ni in gyara abin da na ɓata, na jiƙa ɓawon ɗorawar da ke cikin jakata na yi wa bangon makuba. Da sarkinsu ya ga ruwa yana zamewa a jikin bango, sai ya yafe mini kisa, ya ce amma ba zan bar garin ba har in mutu. Cikin buhun gishiri na fita, a bayan raƙumi, kwana uku fatata tana raɗaɗi.

Na sake samun tafin a bakin wani babban kogi, jikin ginshiƙin da 'yan jirgi ke ɗaure jiragensu. Wata biyar na yi tare da su ina tuƙi, a nan na koyi harshen ƙasar. Ranar da za mu isa Darmuz, wani tsohon matuƙi ya dube ni ya ce, "Baƙo, in an miƙa maka, ka karɓa." Na ɗauka irin nasihar tsofaffi ce a kan kyauta, na ce masa na gode.

Daga cikin jirgi ba ka ganin fuskar Darmuz, sai ƙeyarta. Ƙaramin gari ne, bai kai rabin namu ba, ya hau gefen tudu bene bisa bene, gindinsa baƙin dutse, samansa fari. Amma duk gidajen sun juya wa kogi baya. Babu taga ko ɗaya, babu ƙofa, ko indararo babu wanda ke zuba ta wajen ruwa. Sai da muka zaga ta kan tudu sannan na ga ƙofar gari, da 'yan lunguna masu matakala, da inabi ya haye kan azara ya rufe kowane lungu, har mutum ya ƙetare gari rana ba ta taɓa shi ba. Ƙasan kowane gida akwai kwarmin dutse inda ake tattake inabi da ƙafa. Garin duka warin giya yake, har karnukansu tangaɗi suke yi.

A bakin ƙofa wani dogon dattijo ya tare mu, sunansa Barhuna, sarautarsa Mai Ƙoƙo. Duk baƙon da zai shiga sai ya miƙa masa ƙoƙon giya. 'Yan jirgi suka karɓa da rawar jiki, kowa ya kurɓa ya wuce. Da aka zo kaina na noƙe hannu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ba na sha."

Ya ce, "Ko kurɓi ɗaya, baƙo?"

"Ko ɗigo. Ubana bai sha ba, kakana bai sha ba."

Ya tambaya sau uku, na ƙi sau uku, kowane karo muryata tana ƙara tashi don mutane su ji. Sai gari ya ɗauki guɗa. Mata suka fito suna watsa mini ganyen inabi, wasu maza har da hawaye. 'Yan jirgi kuwa suka sunkuyar da kai suka koma jirginsu, ko sallama babu. Ni a raina na ce, ka ga mutanen kirki, su masu sha ne amma sun san girman mai tsoron Allah. Ragon layya ne ni a ranar, ina ta murnar dusa.

Aka sauke ni a gidan wata tsohuwa, Iya Sabbura, a Layin Ƙasa, wato layin da ya fi kusa da kogi. Na tambaye ta labarin mai yatsa shida. Ta daɗe tana kallon hannuna kafin ta ce, "A ɗakin nan ya sauka."

"Yana ina, Iya?"

"Yana nan cikin gari. An ba shi ɗaki."

Duk wanda na tambaya amsar ke nan: an ba shi ɗaki, ba ya fita, za ka gan shi ranar rufi. Na ji haushin Baba ƙwarai. Na ce wato ya sami wuri ya miƙe ƙafa, ya bar tsohuwa da ɗaukar ƙoƙo. Har na shirya maganar da zan gaya masa.

Barhuna da kansa ya zaga da ni gari, ya ba ni tarihinsa. Kakanninsu gudun yaƙi suka yi, ba su zo da komai ba sai sandunan inabi a ɗaure cikin tsumma. Suka dasa, suka yi gidaje masu kallon ruwa kamar kowa. Bayan shekara goma sha tara kogi ya tashi ya share garin, ɗaki ɗaya kaɗai ya bari, wanda aka tara tulunan giya a ciki. Tun daga nan suka ɗauki kogin suruki. Ba sa faɗin sunansa, ba sa kallonsa, ba sa zuba masa ruwan wanka, Suruki kawai suke ce masa. Wannan ban yi mamakinsa ba, ni da na tashi a gidan da uwa ba ta kiran sunan miji. Duk shekara goma sha tara Suruki yakan kawo ziyara, alamarsa fararen tsuntsaye su bar kyauro su yi sheƙa a kan soraye. Kafin ya iso sai a gina sabon rumbu a bakin ruwa, a cika shi da giyar shekarar a matsayin gaisuwa, a rufe, ba a kuma buɗewa. Rumbu bakwai ne a jere, kowane manne da na gabansa, bangonsu na baya shi ne katangar da ke tare ruwa, Layin Ƙasa kuwa a kansu yake zaune. Na ɗaga kai na ga tsuntsaye fari fat a kan kowane soro.

Barhuna ya ce, "Na takwas ya kusa ƙarewa. Wata tara muna tsaye a ƙofa, duk baƙon da ya zo sai ya sha. Kai ne za ka rufe mana shi."

A wurinmu wanda aka ba rufin soro shi ne gwani. Na ce masa na karɓa da hannu biyu.

Suka koya mini kwaɓin da Baba ya fito nema, ba su ɓoye komai ba. Wani farin dutse suke ƙonawa ya zama gari, a haɗa da yashin tudu da dusar inabin da aka matse, a kwaɓa. Kafin a dafa shinkafa ya zama dutse. Ka zuba masa ruwa, sai ya gangare kamar a bayan agwagwa. Na yi mamakin mutanen da ke ba baƙo sirrinsu haka a banza, ban tsaya na tambayi kaina dalili ba.

Abu ɗaya ya ɓata mini zaman garin, shi ne Iya Sabbura. Kullum in ta kawo abinci sai ta haɗo da ɗan ƙoƙon giya, ta duba hagu ta duba dama, ta ce, "Ɗan nan, ka kurɓa. Ko leɓe ka jiƙa, in kira maƙwabta su gani."

Ina ƙi, gobe ta sake kawowa. Ranar ƙarshe har ta durƙusa ta riƙe ƙafata.

Na ce, "Iya, ki ji tsoron Allah! Da furfurarki kike yi wa Shaiɗan dillanci?"

Na ture ƙoƙon ya zube mata a zane. Ta tashi tana kakkaɓewa, ta ce, "Haka ubanka ya ce. Har ƙoƙon ma haka ya ture." Ban san cewa a dokar garin, wanda ya faɗa wa baƙo gaskiya shi ake sakawa a madadinsa ba.

Ranar rufi, da hantsi, aka kai ni ƙofar rumbu na takwas da kiɗa. Aka sa na danna tafina a ɗanyen yaɓe a saman ƙofa, jama'a suka yi guɗa. Aka ba ni cokalin gini, da fitila, da tulun ruwa ɗaya, da gurasa bakwai. Barhuna ya ce dole a yaɓe ƙofar ciki da waje, su suna jera dutse daga waje, ni ina shafewa daga ciki.

Na ce, "Ta ina zan fita, ranka ya daɗe?"

Ya ce, "Ƙofarka tana baya. Can ubanka yake."

Na yi aiki kamar mai jiran tukuici. Da ramin ya rage kamar faɗin faifai, na ɗauki fitila na ratsa tsakanin tuluna in leƙa ƙofar tawa. Na same ta, a toshe da dutse, an yaɓe ta tsaf. A samanta, daidai inda aka sa na danna nawa, ga tafin hannu mai yatsa shida.

Na dawo a guje ina tuntuɓe da tuluna. Barhuna yana riƙe da dutsen ƙarshe.

Na ce, "Ku kuka kashe shi!"

Ya ce, "Ba mu taɓa shi ba. Mun miƙa masa ƙoƙo sau uku, kamar yadda muka miƙa maka. Mai sha ba ya gadin tulu, baƙo. A ɗakin farko da Suruki ya bari, wani makiyayi ne da ba ya sha ya maƙale a ciki, tun daga nan ba mu taɓa rufe rumbu babu irinsa ba. Yara ɗari biyu ke kwana a Layin Ƙasa. Da kai ne ni, me za ka yi?"

Ba ya dariya, ba ya kuma fushi. Wannan ya fi ba ni tsoro. Ya cusa dutsen, na ji ana ƙara jera wasu a bayansa, sannan aka fara kiɗa. Kwana bakwai suke yi suna kiɗa a ƙofar, don kada kowa ya ji kukan na ciki.

Na yi ihu har muryata ta tafi. Na tono da cokali har ya lanƙwashe, ban ci ko faɗin farce ba. Da na gaji sai na koma gindin ƙofar Baba na zauna. Magini ko a kabari ba ya barin hali, sai na sami kaina ina ƙwanƙwasa bangon da ƙotar cokali. Sama ya amsa da nauyi. Gefe ma haka. Daidai gwiwata kuwa sai ya yi ƙara kamar ƙwarya. Na ɗauko ragowar dutsen gini na maka, sau biyu kawai, ya fashe. Kaurin abin da ya rage bai fi yatsa biyu ba.

Baba yana kwance a bayan bangon, kansa a cikin ramin da ya tona. Ƙashi ne da riga, rigar da Inna ta saƙa. Cokalinsa ya cinye har ƙota, daga nan ya ci gaba da hannu, don ƙasusuwan yatsun duk sun gutsure a baki. Na ƙirga su, shida. Tulun ruwansa yana gefe a kife. A bayansa kuwa tulu ya fi dubu, kowane da hatiminsa, ko ɗaya bai taɓa ba. Ƙishi ne ya kashe shi, saura yatsa biyu ya ga rana.

Ina so in ce muku addu'a na fara yi. Ba ita na fara ba. Faɗa na yi da shi. Na ce, "Baba, kai da ka san karatu! Larura ba ta halatta maka kurɓi ɗaya ba? Kurɓi ɗaya, ka ƙara yini guda? Sama da shekara ashirin tana ajiye maka ruwa!" Na ɗaga dutsen da ke hannuna na jefi tulun da ya fi kusa.

Ya fashe, abin ciki ya malale a ƙasa. Warin da ya tashi ba na giya ba ne, tsami ne mai hawa ka, har ido ya yi ruwa. Sai na ji ƙasa tana tsuwa. Na sauke fitila, na ga kwaɓin da ke tsakanin duwatsu yana kumfa. Na sa yatsa, ya nutse kamar cikin kunu. Na fasa tulu na biyu, na uku, na goma, har da na sabon rumbun da aka cika bana, duk haka. Giyar da suke binne mutane a kanta ta daɗe da juyewa ta zama khal, ruwan tsamin da ko liman yana ci a abinci. Kwaɓin da ya gagari kogi, tsami ne maganinsa. Kaza ta kwana a kan dami, haka Baba ya kwana. Da ya buɗe tulu ɗaya, da ya sami abin jiƙa maƙoshi na halal, ya sami mabuɗin ƙofa. Na zauna cikin tsamin nan na yi kukan da ban yi ba tun ina ɗan shekara tara.

Na yi taimama na yi masa salla, na jera masa duwatsu na rufe shi. Sannan na jiƙa gefen tafinsa da ke saman ƙofa, na yanko shi a hankali, na cusa a riga.

Saura ta inda zan fita. Ƙofar da na shigo akwai masu kiɗa. Ina cikin wannan tunani na ji wani sauti daban a ƙarƙashin kiɗan, ƙwas, ƙwas, ƙwas, daga bangon da ke tare ruwa. Ya tsaya, ya sake. Sai na tuna: wancan gefen na Suruki ne, babu taga, babu mai kallo. Na kwaso tuluna na koma can.

Kaurin bangon kamu uku ne. In zuba tsami, in jira, in kankare, in zare dutse, in sake. Fitila ta mutu, na ci gaba da lalube. Ruwana na riƙa haɗawa da khal don ya daɗe, da ya ƙare na sha khal ɗin zalla. Fatar hannuna ta saluɓe. Ban san kwana nawa na yi ba, sallolina ma da ka nake yi. Duk lokacin da na kwanta na ce a bar shi haka, sai ƙwanƙwasar ta dawo, in tashi.

Dutsen ƙarshe ya faɗa waje, rana tsaka ta soke mini ido. Na ja jiki na fito. Kogi ya cika ya yi ja, ya riga ya kai gindin katanga. Iya Sabbura tana tsaye cikin ruwa har gwiwa, ta juya masa baya, da dutse a hannunta, tafinta duk jini.

Ta ce, "Kwana tara na ƙwanƙwasa wa ubanka a nan. Bai zo ba. Ina jin ya ɗauka Shaiɗan ne, kamar ƙoƙon."

Na durƙusa a cikin ruwan na ce, "Iya, ki yafe mini."

"Tashi, ba lokacinsa ba ne. Da me ka fasa?"

Na gaya mata. Ta ce, "Duka? Har na kakanni?" Na ce duk wanda na buɗe tsami ne. Ta yi dariya, ta yi dariya, har ta dafa katanga, sannan dariyar ta koma wani abu. Ta ce, "Mutum takwas, har da kai. A kan ruwan tsami."

Ruwa ya fara shiga ramin da na fito, ba ni kuwa da abin toshewa. Na san abin da zai biyo baya, don ni na zubar da tsamin a gindin bango. Na janyo tulu biyu babu komai, na ɗaure bakinsu, na haɗa su da rawanina.

"Iya, zo mu tafi. Za su ɗauke mu mu biyu."

"Wa zai tashi mutanen Layin Ƙasa?"

"Za su kashe ki."

Ta ce, "Shekara goma sha tara ina tsoron haka, ga abin da tsoron ya saya mini. Je ka kai wa uwarka." Sai ta juya, karo na farko a rayuwarta, ta kalli kogin ido da ido. Ta ce, "Ashe ma ruwa ne." Ta kama matakala ta hau.

Kogi ya tafi da ni yini biyu kafin 'yan jirgi su tsamo ni. Daga baya labari ya iso cewa rumbunan sun rufta, Layin Ƙasa ya bi su gaba ɗaya. Amma an ce mutane sun riga sun hau tudu, saboda wata tsohuwa ta bi gida gida tana dukan tukunya. Na tambayi abin da aka yi wa tsohuwar, babu wanda ya sani. Har yau ban sani ba, kuma har yau yana cina.

Shekara biyu na yi a hanyar dawowa. Kwaɓin da na koyo bai amfane mu ba, don inabi ba ya yi a ƙasarmu. Na gwada da tsamiya, na gwada da ɗorawa, gulbi ya ci abinsa kamar kullum.

Da hantsi na shiga gida. Ƙoƙon yana bakin ƙofa da faifansa. Inna tana zaune a tabarma, ta ƙanƙance, idon ya rufe gaba ɗaya. Ta ji takuna ta ce, "Taku ɗaya nake ji."

Na durƙusa na ɗora mata guntun yaɓen a cinya. Ta shafa shi, ta sami gurbin tafin, ta sa hannunta a ciki. Ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, leɓenta yana motsi. Da ta kai na shida sai ta tsaya a kansa, ta daɗe.

Ta ce, "An yi masa salla?"

"Ni na yi masa, Inna. Ni na rufe shi."

"Madalla." Sannan ta yi tambayar da na yi shekara biyu ina roƙon Allah kada ta yi. "An ba shi ruwa kafin ya cika?"

Na shirya ƙarya tun daga ƙasar Masu Gishiri, na gyara ta, na haddace. Da na buɗe baki sai ta ƙi fita. Inna ta saurari shirun nan har ƙarshensa.

Ta ce, "Miƙo mini ƙoƙon."

Na miƙa mata. Ta ɗauke faifan, ta yi bisimilla, ta zuba ruwan a hankali cikin tafin. Ruwan ya taru a gurbin yatsun, ya gangare, ya zube mata a zane. Ta shafa yaɓen. A bushe yake ƙayau, ko ɗigo bai shiga ba.

Ta ce, "Ko yanzu ma ba zai sha ba. Haka yake." Ta kife ƙoƙon a ƙasa. "Kira mini mata su tsefe mini kai."

A ranar ta shiga takaba. Ta cika wata huɗu da kwana goma, ta fita ranar Alhamis, muka binne ta ranar Asabar.

Nan hikayata ta tsaya, abin da na ƙara Allah ya yafe, abin da na rage ku yafe. Allah ya jiƙan Cindo da Tabawa, ya jiƙan tsohuwar da ban san kabarinta ba. Ku tashi haka nan. Ga randa can a bakin zaure, kowa ya sha kafin ya wuce. Ba a fita gidana da ƙishi.